Lambun Kawu: abin da tana ta nuna a ƙasar da aka wanke zinare

Kawuna yana da lambu a bakin fadama, a wani ƙauye na ƙasar Anka, kuma ya daɗe yana ƙorafi a kan gefe ɗaya na lambun, wato gefen da ke jikin kududdufi. Ya zuba takin shanu, ya zuba toka, ya sa na zamani, ƙasar ta ƙi laushi. In aka yi ruwa sai ya kwanta mata a kai, in rana ta fito ta daskare kamar daɓe. Da na je gaishe shi cikin marka, a watan Agusta, ko ruwa ban gama sha ba ya ja ni wurin, ya nuna da sandarsa.

"Kai da ka yi karatun gona, duba mini wanga wuri. Ko kashin tana babu. Can ƙasa kuwa ba ka aza ƙafa ba ka taka shi ba."

Na ce, "Kawu, me aka taɓa yi a nan?"

Ya yi shiru kaɗan. Ya ce samari sun yi wankin dutsen zinare a wurin, damina biyu ko uku, kafin su tashi su koma daba, wato sansanin masu aikin zinare.

Duk wanda ya san Zamfara ya san nauyin wannan amsa. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da amai da jijjiga da suma, maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau kuma ba ya yi musu komai. Bincike ya gano gubar dalma ce. Farashin zinare ya tashi a duniya, mutane suka bazama haƙa, dutsen da suke samowa kuwa cike yake da dalma, dangin dutsen nan mai ƙyalli da ake daka tozali da shi. Ana kawo shi gida a buhu, a farfasa, a daka a turmi ko a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida inda yaro ke rarrafe. Yara kusan 400 suka rasu. A Dareta da 'Yargalma, masu bincike na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun tarar kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara guda. Na'urar gwajin jini ta tafi-da-gidanka tana tsayawa ne a maikirogiram 65 na dalma a kowace desilita ta jini, jinin yara da yawa ya wuce abin da take iya karantawa, alhali daga 45 ake fara ba yaro maganin fitar da gubar. Ƙasar da ba a taɓa ba, dalmar da ke cikinta ba ta cika wuce miligiram 50 a kilo ɗaya ba. Iyakar da Amurka ta sa a lokacin ga filin wasan yara ita ce 400. A wasu wuraren niƙa na Zamfara an auna fiye da 100,000, wato kashi 10 cikin 100 na ƙasar dalma ce zalla.

Akwai abin da mutanen ƙauyukan suka tuna daga baya: kafin yara su fara faɗuwa, agwagi ne suka fara ɓacewa. An gani, ba a ɗauke shi komai ba. Wa zai ɗaga hankalinsa don agwagwa ta mutu? Wannan ne ya faɗo mini a rai da Kawu ya ce tana ta bar wurin.

An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011: Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka jagoranci aikin tare da ma'aikatan jiha da mutanen gari, ana kankare saman ƙasa da fartanya, a kai rami a binne, a shimfiɗa sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka yi nata bayan gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. Ƙauyen Kawu ba ya cikin takwas ɗin nan. Abin da ya iso su shi ne gargaɗi: kada a ƙara shigar da dutse cikin gida. Suka bi, kuma sun yi daidai, don wannan gargaɗi ya ceci rayuka. Sai dai dutsen da aka kora daga tsakar gida dole ya sauka wani wuri, wanki kuma ruwa yake so. Ruwa mafi kusa shi ne kududdufin da ke saman lambun Kawu.

Ramuka uku

Washegari da sassafe muka fita da fartanya da shebur da tsohon buhu. Yadda ake ƙidayar halittun ƙasa a wurare masu zafi irin namu ba wuya: a yanka ƙasa murabba'i, santimita 25 kowane gefe, zurfin santimita 30, a ɗora a kan buhu, a marmasa da hannu ana tsince abin da ke motsi. Na sa safar roba, na hana jikokin Kawu taɓawa, abin da bai yi musu daɗi ba ko kaɗan. Damina ce lokacin wannan aiki. Da rani tana takan nutse can ƙasa, ta naɗe jikinta kamar gammo ta kwanta har ruwa ya dawo, wanda ya tona a watan Maris zai rantse babu ita a duk gonar. A jigawa ma ko da damina ba ta da yawa a ƙasarmu, gara ce ke yin yawancin aikin juya ƙasa a can. Gidan tana fadama ne, da gindin bishiya, da bayan gida inda ruwan wanka ke bi.

Ramin farko mun yi shi a ainihin inda aka yi wankin. Ƙasar toka-toka ce, mai laushin gari a sama, a ƙasa kuma a matse kamar an kirɓa, in ka karkata ta ga rana ka ga ɗan ƙyalli. Ba tana, ba ƙwanta, ba ramukanta. Ko ƙamshin ƙasar damina babu. Takin da Kawu ya zuba bara yana nan a sama, ya bushe ya yi baƙi, ba abin da ya ja shi ciki.

Na uku mun yi shi a can ƙarshen lambu, inda ruwan kududdufi ba ya kaiwa. Nan kashin tana ya yi tsiri-tsiri a saman ƙasa kamar ƙananan hasumiyoyi, ƙasar na marmashewa a hannu. Muka samu manya da matsakaita da 'yan ƙanana sirara kamar zare, har da ƙwai, ɗan ƙulli mai ruwan ƙasa-ƙasa da bai fi ƙwayar dawa ba.

Na tsakiya shi ne ya tsayar da ni. Wuri ne da ambaliyar kududdufi ke malalowa duk shekara ta bar laka. Akwai tana a ciki, manya, masu ɗamarar nan mai kauri kusa da kai wadda ke nuna sun balaga. Amma na marmasa ƙasar sau biyu, ƙanana ɗaiɗai ne, ƙwai kuwa ban ci karo da shi ba. Muka ƙara tona wani a gefe, haka nan.

Kawu ya yi murna da wannan rami. Ya ce, "To ka gani, ɗana. Nan lafiya lau, tunda ga su nan da ransu. Can sama ɗai ne ya lalace."

A nan muka rabu a fahimta, kuma saboda wannan saɓani na zauna rubuta wannan bayani.

Tana ba ta da huhu. Da fatarta take numfashi, shi ya sa dole jikinta ya kasance da danshi kullum, kuma duk abin da ya narke a ruwan ƙasa yana iya ratsa wannan fata. Abincinta kuma ƙasar ce kanta: takan haɗiye ta, ta tatsi ruɓaɓɓen ganye da taki, ta fitar da saura. Ƙofa biyu ke nan guba ke shiga, babu kuma wadda take iya rufewa. Abin da Allah ya hore mata shi ne wani nama rawaya da ya lulluɓe hanjinta, mai aiki irin na hanta. In dalma ta shigo, wannan nama yakan ɗaure ta cikin 'yan ƙananan ƙwayoyi tare da sinadarin fosfet da kalsiyam, ya ajiye ta inda ba za ta yi yawo a jiki ba. Kadmiyam kuma, shi ma ƙarfe ne mai guba, wani furotin mai farar wuta ke kama shi. Da wannan dabara tana ke rayuwa a ƙasar da za ta kwantar da yaro.

Dabarar tana da tsada. Ƙarfin da ya kamata ya tafi ga girma da yin ƙwai, shi ke ƙarewa wurin ɗaure guba. Girma ya ragu, balaga ta yi jinkiri, ƙwai ya yi kaɗan, wanda aka yi ma ba duka ke ƙyanƙyashewa ba. Masu gwajin guba a ɗakin bincike sun daɗe da sanin haihuwa ke fara tsayawa tun kafin a ga gawa, shi ya sa bayan gwajin mutuwa na kwana 14 da ake yi da jar tanar nan ta juji, aka fito da na haihuwa mai ɗaukar mako takwas. Akwai ma na gudu: a raba akwati biyu, ƙasa mai kyau da wadda ake zargi, a saka tana goma a tsakiya, bayan kwana biyu a duba ina suka koma. Fatarta na jin abin da ba ta so, in da wurin gudu takan gudu. Don haka garin da ka tarar da dattawa ba yara, ka san ko dai ba a haihuwa, ko kuma baƙi ne ke shigowa daga maƙwabta suna cike gurbi. Ramin tsakiya haka ya yi mini kama: manyan na iya zama 'yan ci-rani daga ƙarshen lambu, da takin Kawu ya jawo.

An ga irin wannan tsari a wasu ƙasashe. A Avonmouth kusa da Bristol a Ingila an yi wata babbar masana'antar narka tutiya da dalma, wadda aka rufe a 2003. Masu bincike biyu, Spurgeon da Hopkin, sun bi ƙasar da ke kewaye da ita a shekarun 1990, suka tarar dab da masana'antar babu tana sam, in aka matsa nesa sai a fara samun nau'i ɗaya ko biyu masu juriya, can gaba kuma sauran su bayyana. A dazukan kusa ganye ya taru ya yi tudu don babu mai ja da shi ƙasa, kamar dai takin Kawu. Sun kuma nuna tutiya ce ta fi korar tana a can, ba dalma ba. Wannan batu yana da muhimmanci gare mu, domin tutiya da jan ƙarfe sun fi dalma saurin illata tana. Dalma ita ce wadda take iya daurewa. A tsoffin ramukan haƙar dalma na Wales, da aka bari fiye da shekara ɗari, har yau akwai tana na rayuwa tana hayayyafa, jikinta maƙare da dalma.

Saboda haka ban yarda in ɗora wa dalma ita kaɗai laifin ramin farko ba. Garin dutse ba abinci ba ne, ko da babu guba a ciki tana ba ta da abin ci a wurin. Ƙafafun masu wanki sun daddaɓe ƙasar, iska ba ta shiga. Ga zaiba da ake murza garin da ita don ta kama zinaren, wadda ba ta rasa zubewa. Kowanne cikin waɗannan ya isa ya kore ta. Ramin farko kowa ya gan shi ya san ya mutu, ko akuya ba ta tsayawa a wurin, kuma Kawu ba ya shuka komai a kai. Ramin tsakiya shi ne mai kore shar, shi ne aka shuka wa alayyafo da yakuwa, shi ne tana ke ciki tana haɗiyar lakar da ta gangaro daga wurin wanki tana tarawa.

Kaza da fatsa

Muna cikin wannan magana sai ga kazar gidan da 'ya'yanta sun faɗa ƙasar da muka zube a kan buhu. Kafin in ɗaga hannu uwar ta fizge tana ɗaya ta haɗiye. Hausawa sun ce garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta, amma a nan wuƙar ba ita kaɗai take yanka ba. Tsuntsun da ya ci tana ya ci abin da ke namanta, ya kuma ci ƙasar da ke cike da hanjinta. A jikin kaza dalma takan taru a ƙashi da hanta da ƙoda, wani kaso kuma ya shiga ƙwai, musamman gwaiduwa da ɓawo. A gidajenmu wa ake dafa wa ƙwai? Wa ake miƙa wa hanta in an yanka kaza? Yaro da mai jego. Jikin yaro kuwa ya fi na babba zuƙar dalmar da ya haɗiya nesa ba kusa ba, balle in yana fama da ƙarancin jini ko bai samun abinci mai kalsiyam, domin jiki na ɗaukar dalma ne a zaton kalsiyam ce.

Sai kuma na tambayi jikokin inda suke tonon tanar fatsa. Suka nuna tsakiyar lambu, don nan ne manya suke kuma nan ya fi kusa da ruwa. Da hannu suke tonowa, su zuba a gwangwani, su tsinka ta da farce su soka a ƙugiya, hannun nan kuma shi zai kai ɗanyar gyaɗa baki kafin a koma gida. Masana duwatsu na Amurka da suka auna samfurin Zamfara sun nuna yawancin dalmar dutsen nan iska da ruwa sun riga sun sauya ta zuwa nau'in da ke narkewa da sauƙi a ruwan ciki. Kifin kududdufin ma abin dubawa ne, domin a cikin laka mara iska ƙwayoyin bakteriya kan mai da zaiba wani nau'i da ke taruwa a naman kifi.

Akwai wani abu kuma da tana ke yi wanda a gona mai lafiya alheri ne. Takan ci ƙasa a zurfi ta zo ta kasayar a sama. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, ruwan sama ba ya wanke ta sai kaɗan, tana iya zama a saman ƙasa ɗaruruwan shekaru. Wanda ya ce zai rufe gurɓataccen wuri da 'yar ƙasa mai kauri yatsa biyu ya huta, tana da gara za su dawo masa da ta ƙasan sama sannu a hankali, rani ya yi ta bushe, iskar hunturu ta ɗauka.

Kawu ya saurara har na gama. Ya ce, "Wato wadda ta mutu ta huta, mai rai ita ce masifa."

Na ce ba tanar ce masifa ba, ita dako kawai take yi.

Abin da muka yi bai taka kara ya karya ba, daidai ƙarfin mai lambu ɗaya. Mun ja iyaka daga wurin wankin har ƙarshen inda laka ke kaiwa, aka kewaye da ƙaya. Ganyen miya ya tashi daga tsakiya ya koma ƙarshen lambu. A ganye irin alayyafo, ƙurar da ruwan sama ke fantsamawa ta manne a jiki sau da yawa ta fi abin da saiwa ke ja, ga shi kuma gajere ne dab da ƙasa. Rogo da dankali da albasa, duk abin da ake tonowa, na ce kada a sa a wurin. Dawa da gero ba su cika kai dalma cikin ƙwaya ba, haɗarinsu a wurin shanya da sussuka yake, don haka masussuka ta yi nesa da kududdufin. Na roƙe shi kada a ƙara ɗibar lakar wurin a yi tubali ko yaɓe, don wannan mayar da dutsen cikin gida ne ta bayan fage.

A bakin kududdufi muka dasa jema layi biyu. Saiwarta na nutsewa ƙwarai, tana riƙe ƙasa, tana tace lakar da ruwa ke ɗaukowa, tana kuma jure ƙasa mai ƙarfe. Ba ta cire gubar, tsare ta take yi wuri ɗaya. Toka da taki da Kawu ke zubawa na ce ya ci gaba, don tsamin ƙasa ke sakin dalma ta narke, toka na kashe tsami, taki da fosfet kuma na ɗaure ta. Na dai gaya masa gaskiya cewa takin zai ƙara jawo tana, tana kuma za ta jawo kaji, saboda haka in babu shinge gara ma a bar wurin haka nan. Kankare ƙasar a binne, yadda aka yi a Bagega, shi ne magani na ainihi, amma aiki ne na masu na'urar da ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan ƙarfen da ke ciki nan take, da ramin da aka zaɓa nesa da rijiya. Mutum ɗaya da shebur zai tayar da ƙura ne ya shaƙa, ya kai saura gida a rigarsa.

Mun fi daɗewa a kan maganar yara. Na nace a kai ƙananan asibiti a auna jininsu, domin dalma kaɗan ba ta sa jijjiga, sai dai ta ci ƙwaƙwalwa a ɓoye, a ga yaro ya kasa riƙe karatu a ce dakiki ne. Kawu ya ce hanyar Anka ba kullum take biyuwa ba, kowa ya san halin da ake ciki da 'yan bindiga. Ban da amsar wannan. Mun tsaya a kan ranar kasuwa, in an samu ayari.

Na ɗebi ƙasa daga ramukan uku, kowanne a ledarsa, na rubuta sama, tsakiya, ƙasa, na ƙulle su cikin wata ledar don in kai ɗakin gwaji. Ina ɗaura su a bayan babur ƙaramin jikan ya zo da gwangwaninsa, ya tsaya nesa da ƙayar yana kallon kakansa.

"Baba, to yanzu ina za mu tono?"

Kawu ya nuna masa can ƙarshen lambu, gindin mangwaro. Yaron ya ce na can ƙanana ne, kifi ba ya kula su.

"Ku haɗa biyu a ƙugiya ɗaya," in ji Kawu. "Kuma rafi za ku, ba kududdufi ba." Ya juya ya ɗauki hoge ya jefi kazar, wadda ta riga ta sami kafa a jikin shingen.